Rigar da Mu'mina Ta Ɗinka wa Injin Ban Ruwa

Nasiha, Mahfuz, Akram, ku ajiye abin da kuke yi ku saurare ni. Na san kun girma, kowa da gidansa, kowa yana ganin ya fi uwarsa sanin duniya. Ba komai. Ku ma masu bin wannan shafi ku matso, yau duk 'ya'yana ne ku.

Akwai wani manomi a nan Keffi ana kiransa Malam Idris. Gidansa yana Tudun Ƙofa, lambunsa kuma yana bakin wani rafi a hanyar Panda. Noman rani yake yi: tumatir, tattasai, alayyafo da 'yar kuɓewa. Mutum ne mai hannu a buɗe, amma kada ka kuskura ka ce masa ya yi kuskure. Gara ka taka masa ƙafa.

Matarsa Mu'mina tela ce. Rabin amaren unguwar ita ta ɗinka musu kayan fitar biki. Sai ciwon ido ya kama ta, ganinta ya riƙa raguwa a hankali kamar fitilar da mai yake ƙare mata. An je asibiti, an yi magani, likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba.

Ranar da ta kasa ganin ramin allura, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko rigar kekenta ta rufe shi, ta koma kan kujera 'yar tsugunne a bakin ɗaki, ta yi shiru.

Shirun nan ya kai shekara guda. Matar da ake jin dariyarta har zaure ta koma sai "to" da "Allah ya kyauta". Wata rana Malam Idris ya ji tana ce wa maƙwabciyarta, "Ni da kujerar nan ai ɗaya muke. Ita ma ta fi ni, ana zama a kanta."

Maganar ta soke shi, ya rasa me zai yi mata. Mutumin da ya iya da ƙasa mai tauri ya kasa da wannan.

A shekarar ne fetur ya gagari talaka. Da yake layin wuta ya ratsa kusa da lambun, sai Malam Idris ya sayar da tsohon injinsa na ban ruwa mai shan fetur, ya sayo sabo mai amfani da lantarki. Kafin ya kai shi lambu ya sauke shi a tsakar gida, yana ta zagaya shi kamar ango.

Mu'mina ta ce, "Kawo shi nan in gani."

Ta sa hannu ta shafa shi tun daga gaba har baya. Ta bi layukan ƙarfen da ke jikinsa da yatsa, ta taɓa ragar da ke bayansa.

"Malam, haka za ka kai shi daji tsirara?"

"Ƙarfe ne fa, Mu'mina."

"Kekena ma ƙarfe ne. Shekara talatin da huɗu bai taɓa kwana babu riga ba, shi ya sa ko tsatsa babu a jikinsa. Ga rana, ga raɓa, ga kashin tsuntsu. Nemo mini allura babba."

Malam Idris ya tsaya yana kallonta. Rabon da ta ba shi umarni irin wannan har ya manta.

Kwana tara ta yi tana ɗinkin nan da hannu, da lalube. Kullum da safe shi yake saka mata zare a allura, da manyan yatsunsa na mai riƙon fartanya, yana ƙyafta ido, ita kuma tana yi masa tsiya: "Kai da ke da ido biyu ka kasa, ina ga ni?"

Ta sa atamfarta mai kyau a waje. Ta yanko soson tsohuwar katifa ta shimfiɗa a tsakiya. Ta sa buhun leda a ciki saboda ruwa. Ta yi mata zariya a baki yadda za a ɗaure ta tam, ko iska ba za ta shiga ba. Ɗinkin ya karkace nan da can, yatsunta duk sun sha suka. Amma ranar da ta gama, ta yi dariya har maƙwabta suka leƙo.

Daga ranar, kullum ya dawo sai ta tambaye shi, "Ka sa masa rigarsa?"

"Na sa."

"Ko yana aiki kada ka cire. Lokacin ne rana ta fi dukansa."

"Ba na cirewa."

Kuma da gaske ba ya cirewa. Ranar Juma'a kawai yake kawo mata ita ta wanke.

Sati na uku ruwan ya fara rage ƙarfi. Katin wutar da yake kai shi sati biyu ya koma ƙarewa a kwana goma. Idan ya kai hannu kusa da injin sai ya ji hucin zafi kamar murhu. Ya ce a ransa ai zafin bazara ne, mu ma mutane ji muke yi.

Sati na biyar, da hantsi, injin ya yi wani gurnani, ya yi wari kamar ana ƙona gashi, ya tsaya.

Malam Idris ya kwance rigar, ya ninke ta a hankali ya sa a jaka, don kada baƙin man gareji ya ɓata ta. Sannan ya ɗora injin a babur ya kai wa Ambrose.

Ambrose mai naɗa wayar inji ne, shagonsa yana kusa da tasha. Mahaifinsa daga kudu ya zo, amma shi a Keffi aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Sun fi shekara ashirin da sanin juna da Malam Idris. Mu'mina ce ma ta ɗinka wa matarsa Ebele kayan aure.

Ambrose ya buɗe injin, ya ga wayar ciki ta ƙone ƙurmus.

"Malam, zafi ne ya kashe shi. Yana samun iska kuwa?"

"Iska? A fili yake, a bakin rafi. Iskar wurin ma har hula take cire mini."

"Ko kana kunna shi idan wuta ba ta da ƙarfi?"

"Kai Ambrose, ni zan koya maka noma ko kai za ka koya mini? Naɗa mini waya, tumatir ɗina yana fure."

Ambrose ya naɗa. Malam Idris ya mayar da injin lambu, ya sa masa rigarsa, ya ɗaure zariya.

Sati uku, ya sake ƙonewa.

Wannan karon ko sallama bai yi ba. Ya dire injin a ƙofar shagon, a gaban masu walda da mai faci da wasu masu gidan kaji biyu da suka kawo nasu gyara.

"Ambrose, ashe haka kake? Wayar jabu ka sa mini! Shekara ashirin ina ɗaukar ka ɗan'uwa, ashe kai cuta kake jira ka samu dama!"

Kowa ya juyo yana kallo. Ambrose ya ajiye abin da ke hannunsa, ya goge yatsunsa da tsumma. Idonsa ya kaɗa, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Malam, ka girme ni, ba zan yi musu da kai a titi ba. Ka bar shi. Ranar Asabar ni da kaina zan kawo maka shi lambu, in ga inda yake kwana."

Kafin Asabar maganar ta zaga gari. Masu gidan kajin nan suka kwashe injinansu suka kai wani wuri. Kun san bakin mutane, ba ya jiran shaida.

Ranar Asabar da safe Ambrose ya iso lambu da injin. Ya girka shi, ya duba wayar da ta taho daga sandar wuta, ya auna ƙarfin wuta, ya ce komai daidai ne. Yana tattara kayan aikinsa sai ya ga Malam Idris ya buɗe jaka, ya zaro atamfa mai kauri, ya fara zura wa injin kamar mai shirya yaro zuwa makaranta.

"Malam, mene ne wannan?"

"Rigarsa ce."

"Da ita yake aiki?"

"Da ita mana. Mu'mina ce ta ɗinka." Ya faɗi haka yana shafa ɗinkin da ya karkace. "Da lalube ta yi. Kwana tara."

Ambrose ya dakata da tattara kayan. Ya daɗe yana kallon rigar. Sannan ya tsuguna, ya ce a hankali, "Zo ka gani, Malam."

Ya nuna masa ragar bayan injin. "Ka leƙa nan. Fanka ce a ciki. Ita ce hancinsa. Tana jawo iska ta hura ta kan waɗannan layukan na jikinsa, su kuma su fitar da zafi. Idan ka toshe nan, kamar ka sa mutum ya yi huɗa da bargo a ka ne. Zai yi, amma zai ci abinci da yawa, aikin ya ragu, daga baya ya faɗi. Shi ya sa katinka yake saurin ƙarewa. Wutar da kake saya, wani kason ruwa take jawowa, wani kason girki take yi a cikin rigar nan."

Suka kunna shi babu riga. Bayan ɗan lokaci Malam Idris ya ɗora tafin hannu a kai, ya ji ɗumi kawai, ruwa kuma yana fita da ƙarfin da ya manta da shi.

Ya zauna a kan kunya. Bai san lokacin da ya cire hula ba.

"Ambrose, na zalunce ka."

"Ya wuce, Malam."

"Bai wuce ba. Amma ina roƙon ka abu ɗaya." Ya riƙo hannunsa. "Kada Mu'mina ta ji. Shekara guda matar nan ba ta yi dariya ba sai a kan rigar nan. Idan ta san ita ce ta ƙona injin sau biyu, za ta koma kan kujerar nan, kuma wallahi ban san ko za ta sake tashi ba."

Ambrose ya san abin da ake roƙonsa. Ba yadda zai wanke sunansa a tasha ba tare da ya ambaci rigar ba, kuma abin da aka faɗa a tasha da safe, kafin azahar ya isa Tudun Ƙofa.

Ya ɗauki jakarsa ya ce, "Ni ban ga wata riga ba."

Haka aka shiga sabon zama. Malam Idris yana isa lambu sai ya ninke rigar ya rataye a reshen mangwaro. Injin ya huta, tumatir ya farfaɗo. Da yamma ta tambaye shi, "Ka sa masa rigarsa?" ya ce, "Na sa," yana kallon ƙasa, duk da ya san ba ganinsa take yi ba.

Idan ya bi ta tasha kuwa, sai ya ga shagon Ambrose wayam, mai shagon yana zaune yana korar ƙuda. Sai ya ƙara wa babur wuta. Tuwo ya daina yi masa daɗi.

Juma'a ta uku, ya kawo mata rigar wanki kamar kullum. Ta karɓa, ta kai hanci, ta juya cikinta ta shafa. Ta ajiye ta gefe. Washegari da safe ya fito ya tarar da ita ta yi shiri, da mayafi da takalmi.

"Yau da ni za ka je lambu."

"Mu'mina, hanyar ba kyau, ga rana..."

"Rana ba baƙuwata ba ce. Tayar da babur."

Suna isa ya zaunar da ita a inuwa, ya yi sauri ya zura wa injin rigar.

"Kunna shi," in ji ta.

Ya tsaya da hannu a kan makunni. Idan ya kunna, yana ƙona injin da saninsa. Idan ya ƙi, me zai ce mata? Ya runtse ido ya danna.

Ta taso da lalube ta tsuguna kusa da injin. Ta saurara. Can ta zura hannu ƙarƙashin rigar, ta bar shi ɗan lokaci, ta janye da sauri. Sai ta nemo zariyar da kanta, ta kwance, ta zare rigar gaba ɗaya. Ta kai tafin hannu bayan injin, ta ji yadda yake zuƙar iska.

"Ashe numfashi yake yi ta nan," ta faɗa a hankali. "Ni kuwa na shaƙe shi."

"Mu'mina..."

"Da can rigar nan tana dawo mini da ƙauri, ledar ciki duk ta yamutse. Juma'a uku ke nan tana dawowa da ƙanshin ganyen mangwaro. Kuma shekaranjiya Ebele ta zo gaishe ni. Ba ta kawo ƙara ba, amma na ji muryarta. Da na matsa mata ta ce aiki ya tsaya wa mijinta, wai an ce yana sa wayar jabu. Na ce wa ya faɗa? Ta yi shiru. Shirun nan ya gaya mini suna."

Malam Idris ya durƙusa a gabanta, dattijo da furfurarsa.

"Tsoro na ji. Na ga kin dawo, ban so ki sake tafiya ba."

Ta miƙa hannu ta sami fuskarsa, ta ji danshi a kumatunsa, ta goge da gefen mayafinta.

"Malam, idona ne ya tafi, ba hankalina ba. Kuskuren riga ai na tela ne, kowane tela ya taɓa ɓata yadi. A warware a sake. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ka mayar da ni wadda ake lallaɓawa da ƙarya kamar ƙaramar yarinya. Wannan ne zaman kujerar na gaskiya."

Ya sunkuyar da kai.

Ta ɗaga yatsa. "Tsaya. Yi shiru."

"Ai ban yi magana ba."

"To ka ci gaba da rashin yi." Ta karkata kai wajen injin. "Ka ji wannan? Ta gefen nan. Wani siririn kuka, kamar keke idan ya yi ƙishin mai."

Ya kasa kunne har ya gaji. "Ni ban ji komai ba."

"Dama yaushe ka taɓa ji? Kashe shi. Mu tafi tasha."

A ƙofar shagon, a daidai inda ya dire injin ranar nan, Malam Idris ya tsaya ya kira masu walda da mai faci da duk wanda ke kusa. Ya faɗi komai da bakinsa, bai rage ba. Ya ce wayar Ambrose ba ta da laifi, shi ne ya toshe wa injin iska, shi ne kuma ya zagi mutumin da ya rufa masa asiri.

Mu'mina ta ce, "Ku ƙara da cewa telar da ta ɗinka rigar ga ta nan tsaye. Soso na sa, da leda. Ko ɗan Adam na sa wa ita sai ya suma."

Aka fashe da dariya, har da Ambrose, yana share ido da bayan hannu.

"Kai kuma," ta juya wajen muryarsa, "ka bar 'ya'yanka da yunwa saboda tsohuwar atamfata? Allah ya yi maka albarka, amma kada ka sake. Ɗauko kayan aikinka, injin nan yana kuka ta gefen famfo."

Ya bi su lambu don girmamawa kawai, bai yi zaton zai sami komai ba. Da ya buɗe sai ga boris, ƙwallayen ƙarfen nan da sandar injin ke juyawa a kansu, ya bushe ƙayau. Zafin da ya sha ya tsotse masa giris.

Ambrose ya riƙe baki. "Mama, da an ƙara sati biyu da sai dai a sayi sabo. Yaya kika ji?"

"Shekara talatin da huɗu ina zaune da ƙarfe mai juyawa, ɗana. Ba ya fara ciwo bai yi magana ba."

Ya canza boris ɗin, ya nuna mata inda ake sa giris, ya ce kaɗan ake sawa, yawansa ma zafi yake kawowa. Ya ba ta tsohon buroshi na share ragar baya da layukan jiki. Malam Idris kuma ya kafa wa injin rumfar zana, sama a rufe, gefe huɗu a buɗe.

Masu gidan kajin sun dawo da injinansu, ɗaya ma ya zo da na ƙaninsa.

Yanzu duk safiyar da aka kawo wuta, za ka ga babur ɗin Malam Idris a hanyar Panda da mutum biyu a kai. Ita ce take share injin, ita take ɗora masa hannu ta ji ɗuminsa, ita take cewa a kashe idan ta ji wutar ta yi rauni. Maƙwabtan lambu har sun fara zuwa suna roƙon a ara musu kunnenta.

Ran nan wani ya tambayi Malam Idris wa yake kula masa da inji haka, bai sake ƙonewa ba. Ya nuna ta da haɓa, tana zaune a rumfa tana yi wa wani manomi faɗa a kan ya bar ciyawa ta cika ragar nasa.

Ya ce, "Ni ɗan aikinta ne. Ruwa kawai nake juyawa."

To 'ya'yana, ga inda nake son ku raba mini gardama. Laifin Malam Idris a fili yake, ba na neman ra'ayin kowa a kansa. Shirun Ambrose ne ya tsaya mini a wuya. Ƙanwata ta ce halin mutanen kirki ne, samun irinsa sai an tona. Ni kuwa na ce da ya dage tun a lambu cewa a gaya mata, da an taƙaita wa kowa wahala, har da matarsa da 'ya'yansa. Mun yi kwana uku ba mu daidaita ba. Ku zauna ku yanke mana, kuma kada wanda ya goyi bayana don ni na haife shi.

Darasi: So ba ya maye gurbin sani. Kafin ka kare abu, inji ne ko mutum, ka fara sanin ta ina yake numfashi. Kada ka zargi mai gyara alhali ba ka nuna masa duk yadda kake riƙon kayanka ba. Wanda kuma kake ƙauna, ka girmama shi da gaskiya, don ya fi ƙarfin yadda kake zato. Ku tura wa duk mai inji a gona, da duk mai tsoho a gida.